Fil ɗin Injin Ya Falmata

Manawashi, Gombe
Farkon Agusta

Zuwa ga ƙanena Ajimi,

Assalamu alaikum. Wushe da aiki, kamar yadda muke gaisawa a gida. Ina fata kana lafiya, kai da Suwaibatu da yara. Mu nan lafiya, sai gwiwar nan da ta saba, da kunnen da ƙarar inji ta cinye. Shi ya sa ma na ɗauki biro. In ka kira ni a waya, "iye? iye?" kawai za ka yi ta ji har katinka ya ƙare. Muktar direba ya ce kowane mako yana shiga Kano, to shi zai riƙa kai mana saƙo.

Na san za ka ce sai da buƙata ta taso na tuna da kai. Ba haka ba ne, amma buƙatar ta taso ɗin. Injin matsar man gyaɗa ya tsaya. Ka san shi, shi ne wanda marigayi maigidana ya ɗora a mota ranar da muka baro Bama, ya bar gado da katifa ya ɗauko shi. Akwai wani ɗan ƙarfe da yake ratsa faifan bel da sandar inji ya haɗe su. Shi ne ya karye ya ɓace cikin tunkuza. Ban taɓa ganin kamanninsa ba, don hannun marigayi kaɗai yake taɓa wurin. Na sa ƙusa, ta lanƙwashe. Na sa wata, ta yi tsalle ta kusa cire wa maƙwabciyata Hadijatu ido, har yau tana gaishe ni daga nesa.

Yayana Wakil ya zo daga unguwar Gabukka, ya tsaya a bakin rumfa hannuwa a baya. Ya ce mace mai shekaruna bai kamata ta zauna ita kaɗai da ƙarfe tana shaƙar hayaƙi ba. Ya ce in sabuwar gyaɗa ta shigo kasuwa injin bai tashi ba, zai kira 'yan gwangwan su ɗora shi a sikeli, ni kuma in koma ɗakin da ya share mini a gidansa. Da sunansa aka karɓi rumfar a hannun Jaji mai fili, saboda haka maganarsa ba ta wasa ba ce. Ajimi, ba na son ɗakin nan. Na gan shi, mai kyau ne, har da fanka. Amma ni ban saba zama a zubo mini abinci ba.

An ce kai ne kake riƙe da sito na kayan inji a kamfaninku. Na sassaƙa ɗan reshen darbejiya daidai ramin, ga shi cikin ambulan. Ramuka biyu ne a sandar, girmansu ɗaya. Na biyun yana can ƙarshe inda sandar ta sirance, na ƙaramin faifan da muka baro a gida ne, ba ya aikin komai. A duka biyun na gwada. Ka samo mini irin abin da ake sawa.

Kakarka da kakata ciki ɗaya suka fito, ka tuna da wannan kafin ka ce aiki ya yi maka yawa.

Yayarka,
Falmata

*

Kano
Tsakiyar Agusta

Zuwa ga Ya Falmata,

Wa alaikumus salam. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata gwiwa ta yi sauƙi. Muna lafiya. Suwaibatu tana gaishe ki, ta ce har yanzu ba ta samu man gyaɗa irin naki ba a Kano.

Ya Falmata, ba sai kin tuna mini da kakanni ba. Duk shekarun da na yi a sakandaren Bama a gidanki na ci na sha, kuma ban taɓa jin kin ce tukunya ta yi kaɗan ba. Wannan ɗan aiki ba komai ba ne.

Na auna itacen da kika aiko, lamba takwas ne. Abin da ake sawa a irin wannan wuri sunansa fil, kuma iri-iri ne. Ban taɓa kayan kamfani ba, kasuwa na shiga na zauna na zaɓa da hannuna. Na ɗauko mai sifirin, don shi ya fi dacewa da inji mai jijjiga. Na duba tsawo, na ɗauki wanda zai ratsa faifan daga gefe zuwa gefe ba tare da ya leƙo ya kama zanin mutum ba. Ga su nan da ɗan yawa, in ɗaya ya faɗi a ƙasa ba sai an tone rumfa ba.

Ba zan tsaya ina koya miki injinki ba, kin fi ni saninsa, kina tare da shi tun ina yawo da gajeren wando. Na kuma san kuna da mai gyara a unguwa. A ba shi kawai ya sa.

Maganar Ya Wakil kuwa, in Allah ya so kafin gyaɗa ta iso shi da kansa zai zo sayen mai.

Ƙanenki,
Ajimi

*

Manawashi, Gombe
Farkon Satumba

Ƙanena Ajimi,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya, ruwa dai ya ƙi ɗagawa, kwata ta cika har bakin rumfa. Ina fata yara sun koma makaranta lafiya.

Saƙo ya iso. Allah ya yi maka albarka, ya raya maka zuri'a. Na ga wahalar da ka sha, kuma na san Kano ba garin da ake samun abu mai kyau da sauƙi ba ne, balle ga mai iyali. Na ɗauki ɗaya na ajiye a gwangwanin turarena, don abin da ya fito daga hannunka ba a ƙarar da shi duka. Sauran na kai wa Titus mai walda, mutumin kirki ne ɗan Kaltungo, shagonsa yana bayan masallaci. Sun shiga lafiya lau.

Injin ya tashi, har na kira Hadijatu ta zo ta gani, ta leƙo daga bayan katanga. Sai dai murnar ba ta daɗe ba. Na farko ya zame ya fita, na biyu ya karye, haka na yi ta sawa har suka ƙare. Faifan kuma ya riƙa ƙwanƙwasa, kwas kwas, tun ina jin haushi har na fara yi masa magana. Titus ya duba ya ce ramin ya tashi daga zagaye ya koma kamar ƙwai, ya sa injin huda ya daidaita shi. Ga sabon itace nan daidai sabon ramin.

Kada ka sa komai a ranka. Injin ne ya tsufa, kamar mai shi. Wakil ya aiko matarsa ta tambaye ni wace kalar labule nake so. Na ce mata kalar da ba a sayarwa.

Yayarka,
Falmata

*

Kano
Tsakiyar Satumba

Ya Falmata,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, ƙaramar ce ta yi zazzaɓi amma ta warware.

Takardarki ta hana ni sukuni. Na karanta, na ajiye, na sake ɗauka. Irin fil ɗin nan muna sa shi a injinan da suka ninka naki girma, ba ya zamewa. In nauyi ya fi ƙarfinsa yana iya karyewa, amma ya zame ya fita da kansa, wannan ban taɓa gani ba. Kuma ramin ƙarfe ba ya faɗi haka kawai cikin ɗan lokaci.

Ƙila ni ne ban zaɓa daidai ba. Akwai mai siririn jiki, akwai mai kaurin jiki na aiki mai nauyi, watakila da na biyun ya kamata in fara. Sabon itacen lamba goma ne. Na aiko mai kaurin jiki, ƙarfensa ya fi na farko tauri.

Ina roƙon abu biyu, ki yi haƙuri da ni. Na farko, kada a sake huda sandar nan. Duk hudar da aka yi, naman ƙarfen da ya rage a gefe raguwa yake yi. Na biyu, ki aiko mini da ɗaya daga cikin waɗanda suka karye. Ba don ina shakkar Malam Titus ba, na san ba za ki ba wanda bai iya ba. So nake in ga bakin karayar da idona.

Na kira wayarki, Hadijatu ta ɗauka, ta ce kin ce a gaya mini kina lafiya, sannan ta kashe.

Ƙanenki,
Ajimi

*

Manawashi, Gombe
Farkon Oktoba

Ajimi ƙanena,

Gaisuwa da fatan ƙaramar ta murmure sarai. A riƙa sa mata gidan sauro. Ni dai ga ni nan, jiki lafiya, rai ne a ɓace.

Na ga inda ka ce ba ka zaɓa daidai ba. Ka daina wannan magana. Ni ban ce ba, kuma ba wanda zai ji daga bakina. Mutum abin da ya samu yake aikowa, kuma 'yan kasuwa ba su da tsoron Allah, in sun ga mutum mai kunya irinka sai su tura masa abin da ya kwana a shago. Ba laifinka ba ne.

Na biyun ma sun tafi kamar na farko. Yanzu in na tayar da inji tsayawa nake nesa da taɓarya a hannu, ina jiran abin da zai fito. Na matse rabin buhu, na tsaya, na sake sawa, na tsaya. Matan da suke kawo mini gyaɗa daga unguwar Malam Inna sun fara wucewa ta gaban rumfata suna kallon wani gefe. Ba na ganin laifinsu, masu ƙuli-ƙuli ba sa jira.

Sabuwar gyaɗa ta fara shigowa. Wakil ya zo da wani ɗan gwangwan, wai wucewa suke yi. Wucewa da sikeli a bayan amalanke. Mutumin ya zagaya injin yana ƙwanƙwasa shi da ɗan yatsa kamar mai sayen kankana. Na roƙi Wakil ya ƙara mini lokaci zuwa ƙarshen wata, ya yarda da ƙyar, ya ce don darajar marigayi.

Ka ce in aiko maka da karyayye. Da na ƙi, don ba a aika wa mutum da tarkacen kyautarsa. Amma ka nace, kuma hannuna ya gaji da sassaƙa itace. Ga ɗaya nan cikin waɗanda Titus ya gyara, shi bai karye ba, zamewa ya yi. Ka sayo wanda ya fi shi kauri. Titus ya ce in ya ƙara buɗe ramin kaɗan komai zai zauna, na ce ya dakata tukuna tunda ka hana. Amma ka hanzarta, ba zan iya zama ina kallon gyaɗa tana wucewa ba.

Yayarka,
Falmata

*

Kano
Oktoba

Ya Falmata,

Ina gaisuwa. Muna lafiya. Ki yafe mini, yau gaisuwata gajera ce, kuma zan yi miki magana irin wadda ban taɓa yi miki ba.

Na buɗe ambulan na ga abin da ke ciki, na zauna a ƙasa a bakin sito. Wannan ba fil ɗin da na aiko ba ne. An bi tsagarsa da walda an toshe, an goge jikinsa a dutse har ya rame. Wa ya ce a yi haka? Me ya sa ba a tambaye ni ba?

Ya Falmata, tsagar nan ba fashewa ba ce. Haka ake ƙera shi. Ramin da ke cikinsa ba rowar ƙarfe ba ce. Kaurin da ya fi ramin sandar da shi kuma ba kuskure ba ne, shi ne dukan amfaninsa. Ana ɗora bakinsa a kan ramin a buga da guduma. Yana shiga tsagar tana matsewa, in ya shige sai ya yi ta ƙoƙarin buɗewa, ya cije bangon ramin ta kowane gefe, jijjiga ba ta fitar da shi. In ya shiga da hannu kamar itacenki, to ba shi da amfani. Wutar walda kuma tana kashe taurin ƙarfen. Abin da kuka yi ta sawa ƙusa ce kawai, ita ce take rawa a ciki tana cin ramin.

Kin rubuta mini cewa sun shiga lafiya lau. Kin ga abu kin ɗauka ya lalace, kin ɗauka an cuce ni a kasuwa, kika rufa mini asiri kika yi shiru. Ni ba yaron da kike ƙara wa tuwo a ɓoye ba ne yanzu, wannan aikin da shi nake ciyar da gidana. Da kin rubuta layi ɗaya kin ce, Ajimi, abin nan a tsage yake, da tun Agusta an gama. Ni ma ina jin haushin kaina. Na tsaya ina cewa kin fi ni sani, alhali bayanin bai fi layi uku ba.

Yanzu ki saurare ni. Kada Titus ya taɓa sandar nan da injin huda. Kada ya taɓa waɗannan sababbin da na aiko tare da takardar nan, ko gogewa da tsumma. Kada ki tayar da injin. Ina neman izini a wurin aiki, zan zo da ma'auni in duba ramin da kaina. In ya lalace, akwai masu juya ƙarfe da za su cike shi su fitar da sabo. Ki gaya wa Ya Wakil ni na ce a jira ni.

In maganata ta yi kaushi, ki yi haƙuri. Gara ki yi fushi da ni injin yana aiki.

Ajimi

*

Kano
Nuwamba

Ya Falmata,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya. Mu muna lafiya, sai dai hankalina ba a kwance yake ba.

Shiru. Ban ga takarda ba, wayarki kuma a kashe. Izinin da na nema an hana ni, wanda zai riƙe mini sito ya yi tafiya. Na je tasha neman Muktar, aka ce motarsa ta lalace a hanya ta daɗe a gareji, ba wanda ya iya gaya mini ko saƙona ya isa ko yana cikin aljihun mota. Wannan ta hannun wani direba na ba da ita.

Suwaibatu ta ce na yi rashin kunya, ba a yi wa babba irin wannan rubutu. Ƙila gaskiyarta. In fushi kike yi, ki zage ni a takarda, zan karanta a tsaye. Amma ki gaya mini halin da injin yake ciki.

Ƙanenki,
Ajimi

*

Gabukka, Gombe
Ƙarshen Nuwamba

Ƙanena Ajimi,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya. Gwiwa ma ta yi sauƙi, tunda ba ta aikin komai. Ka gaida Suwaibatu, ka ce mata ta bar ka, ba ka yi rashin kunya ba.

Ka ga inda na rubuto daga sama, ba sai na yi dogon bayani ba. Takardunka biyu rana ɗaya suka same ni, mai faɗan da mai ban haƙurin. Muktar ya kawo ta farkon yana ta sunkuyar da kai, duk ta yi baƙin mai.

Na jira ka. Da na ga wata yana ƙarewa ba saƙo, na ce a raina yaron nan ya ji kunya ne, ya rasa abin da zai aiko, kada in ƙara matsa masa. Na kira Titus na ce ya buɗe ramin, ya yanko ƙarfen rodi ya sa. Kada ka ga laifinsa. Tun ranar farko ya juya fil ɗinka a hannu ya ce, "Mama, anya ba haka aka yi shi ba?" Na ce masa ya rufe bakinsa ya toshe tsagar, kada unguwa ta ji an sayar wa ƙanena fasasshen kaya. Shi mai walda ne, abin da aka ce ya liƙe shi yake liƙewa.

Injin ya yi aiki da safe har zuwa hantsi. Ina cikin zuba gyaɗa na ji ƙara, ni da ba na ji. Sandar ta tsage daga bakin ramin, ta murɗe, ta tafi da haƙoran cikin injin. Masu gyara biyu sun duba, kowanne ya ce irin wannan tsohon injin ba a samun kayan cikinsa. Wakil ya aiko a kwashe kayana.

Na karanta takardarka ta faɗa a rumfa, ranar da 'yan gwangwan suka zo, sun riga sun kwance injin sun jera a ƙasa. Na ji haushinka ƙwarai. Na ce yaron da na wanke wa kayan makaranta ne yake ce mini ki saurare ni. Sannan na ce bari in ƙaryata shi. Na buɗe gwangwanin turare na ɗauko wanda na ajiye tun farko, lamba takwas, yana ta ƙamshi. Na sa aka juyo mini da siririn ƙarshen sandar, inda ramin nan na biyu yake, wanda injin huda bai taɓa shi ba tun Bama. Na ɗora, bai shiga ba, kamar dai yadda na gani a Agusta. Na karɓi gudumar ɗan gwangwan na buga. Ajimi, ina kallo tsagar ta matse, ya shige, ya zauna daram.

Na ce su cire mini abina. Suka ja da filaya, suka jijjiga, suka buga sandar a ƙasa. Babbansu ya ce, "Hajiya, wannan sai an samu abin turo shi ta baya, mu kuma rana tana yi mana." Na ce su bar shi.

Sababbin da ka aiko suna nan a ƙullinsu, ban buɗe ba. In kana da inda za su yi amfani, Muktar zai dawo maka da su. Ba sai ka nemi izini ka zo ba, ba abin da za ka auna. In dai ka zo don gaisuwa, ɗakin yana da fanka, labulen kuma kore ne. Ana kawo mini abinci sau uku, da mai na leda.

An ce Kano ake kai irin wannan ƙarfen a narka. In ka ga motar 'yan gwangwan ta shigo daga Gombe, injina yana ciki, fil ɗinka yana jikinsa. Duk ramukan hanyar nan ba za su fitar da shi ba.

Yayarka,
Falmata